Kashi na 27: Jita mai wuya biyu, a saya ko a haƙura?

Ina gaida mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Kamba, Yawuri da Zuru, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, Gaya da Doso, waɗanda saƙonninku ke shigowa ko da sabis na gardama. Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta bari su sauke murya. Yadda na faɗa haka aka rubuta, in kun ga magana ta ɗan karkace ku yi haƙuri, baki ne.

Yau maganar kiɗa za mu yi, kuma saƙo ne ya jawo ta. Wani ƙanenmu daga Argungu, ba zan faɗi sunansa ba, ya yi noman rani na shinkafa a fadama, Allah ya sa albarka, ya sayar, ya ware wani abu. Shekararsa 3 yana koyon jita. To sai ya ga wata jitar lantarki mai wuya biyu, ta hannu, an saka ta a kasuwa a intanet, mai ita yana Legas. Kuɗin da aka yanka masa sun kusa cinye ribar noman gaba ɗaya. Ya ce min, "Yaya, in saye ta ko in bari? Abokaina sun ce duk Kabi babu mai irinta, in na hau dandamali da ita lokacin bikin kamun kifi, magana ta ƙare."

Na ce masa ba zan amsa a waya ba, zan amsa a shiri, don na san ba shi kaɗai ba ne. Yau jita ce, gobe kyamara ce, jibi wata na'ura ce da matashi ya gani a bidiyo ta hana shi barci. Amma fa jitar za mu tsaya a kai, don ita kanta tana da labari.

Da farko, mece ce ita? Wanda bai taɓa gani ba, ya ɗauki jita biyu a ransa, a haɗe su a gangar jiki ɗaya, wuya ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Wadda aka fi sani, wuyan ƙasa tsirkiya 6 gare shi, kamar kowace jita. Na sama kuma 12. Duka 18 ke nan. Akwai ɗan makunni a jiki, ka tura shi sama wuyan sama ya yi magana, ka tura ƙasa na ƙasa ya yi, ka bar shi a tsakiya su yi tare.

Mai 12 ɗin nan ba wai sabbin sautuka 12 ba ne. Tsirkiyoyin nan 6 ne dai aka yi wa kowacce abokiyar zama, bibbiyu, kusa da kusa, yadda yatsa ɗaya zai danne su tare. A cikin huɗu masu kauri, abokiyar siririya ce, sautinsu ɗaya amma nata yana sama, kamar namiji da mace suna rera baiti ɗaya, kowa da muryarsa. Biyun ƙarshe kuma tagwaye ne sak. Shi ya sa in an kaɗa ta sai ka ji sautin ya cika wuri yana ƙyalli, kamar mutum biyu ke kiɗan. Amma wannan cikar tana da farashi. Ba ka iya jan tsirkiya ka lanƙwasa sauti yadda kake so, yatsu suna gajiya da wuri, gudu ba ya yi. Wato mai 12 ta rakiya ce, mai 6 ta zuba gwaninta ce. To mai waƙar da ke buƙatar duka biyun a cikin waƙa ɗaya, a gaban jama'a, ba damar ya tsaya ya cire wannan ya rataya waccan, shi aka yi wa mai wuya biyu. Ku riƙe wannan, don duk maganar yau a kansa take.

Mu ma fa tunanin bai baƙunce mu ba. Wanda ya taɓa ganin kuge a fada ya san abin da nake nufi: ƙarfe ne mai baki biyu, mariƙi ɗaya, kowane baki da muryarsa, mai bugu yana zaɓar wanda zai taɓa. Dabarar ke nan, sai dai wannan da wutar lantarki.

A Amurka abin ya fara ne da masu irin jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur ana goga mata ƙarfe. Su matsalarsu saiti ne, kowace waƙa da yadda ake ɗaure tsirkiya, sai suka riƙa jera wuyoyi, kowanne da saitinsa. A 1953 kamfanin Fender ya fitar da Stringmaster, ana samunta har mai wuya huɗu. Irin wannan sautin mai zamewa, wanda ya saurari faifan King Sunny Ade na 1982, Juju Music, ya ji ɗan uwansa a hannun Demola Adepoju. Sannan a 1958 kamfanin Gibson ya fitar da wadda ake ratayawa, EDS-1275. Ita ce uwar gayyar. Duk hoton jita mai wuya biyu da kuka gani, ja, mai ƙahonni, ko ita ce ko kwaikwayonta ne.

Wanda ya fito da ita duniya kuwa Jimmy Page ne, na ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila. Kuma labarinsa shi ne ya fi shafar ƙanenmu. Suna da wata waƙa, Stairway to Heaven, ta 1971, kusan minti 8. Tana farawa a hankali, ta ɗauki zafi, ta ƙare da gudu. Lokacin da suka ɗauke ta a situdiyo, Page bai yi amfani da mai wuya biyu ba sam. Jita daban-daban ya ɗauka: wata marar lantarki a farko, wata Fender mai tsirkiya 12 a tsakiya, wata Telecaster mai 6 a wurin gudun. A situdiyo ai kana da lokaci, ka ɗauki wannan, ka ajiye, ka ɗora wancan a kai. Sai da aka zo hawa dandamali matsala ta fito. Hannu biyu gare shi, waƙa kuma ba ta jira. Nan ne ya nemo Gibson mai wuya biyu, suka fara kaɗa waƙar a gaban jama'a a Belfast a watan Maris na 1971. Kun ga yadda abin ya bi? Waƙar ce ta riga zuwa, sannan matsala, sannan kayan aiki. Ba jitar ya saya ya zauna yana tunanin me zai yi da ita ba.

Haka Don Felder na ƙungiyar Eagles da waƙarsu Hotel California ta 1976, wadda ko a nan za ka ji ta a wayar wani. Farkonta mai 12, ƙarshenta mai 6, sai ya rataya fara mai wuya biyu. Wasu kuma bas suke haɗawa da jita, irin Geddy Lee na Rush da Mike Rutherford na Genesis, don mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyu.

Daga nan sai abin ya zama gasa da wasa. Rick Nielsen na Cheap Trick, a 1981 kamfanin Hamer ya ƙera masa mai wuya 5. Biyar fa! Shi kam ya san raha yake yi, na ƙasan ma sai ya sunkuya kafin hannu ya kai. Steve Vai a 2022 ya fito da wata da ya kira Hydra, wuya 3, mai 7, mai 12, da bas, ga wasu tsirkiyoyi a jiki. Shi da gaske yake kaɗa su duka a waƙa ɗaya, amma ku je ku kalli bidiyon, za ku ga mutum ne da ya ba abin rayuwarsa. A 2024 kuma Gibson ta ƙera kwafin ta Jimmy Page guda 50 kacal, kowacce kusan dala 50,000. Ku lissafa da kanku a naira, ni kaina ba ya ɗauka. Yawancin irin waɗannan ba dandamali za su gani ba, bango za su gani da gilashi.

To, mu dawo gida. Don abin da ya fi ba ni haushi shi ne matasanmu sun san Jimmy Page, ba su san Sir Victor Uwaifo ba. Mutumin Benin ne, jihar Edo, an haife shi 1941, ya rasu a watan Agusta na 2021 yana da shekara 80. Shi ne mai Joromi, waƙar 1965 da ta kawo masa faifan zinariya, shi ne mai Guitar Boy. Ku tambayi iyayenmu da suka yi zamani da rediyo, za su gaya muku. Wannan bawan Allah yana da jita mai wuya biyu, tsirkiya 18, wadda ake ce wa jitar sihiri. Ba tsayawa ya yi a kan ta Turawa ba, tasa dabara ya saka: ya yi mata yadda za ta juya a gabansa kamar fanka, ta zagayo ta dawo hannunsa, kiɗa bai yanke ba. Yana kaɗawa ta bayan kai, yana kaɗawa da haƙori, yana kaɗawa da ƙafa.

Me ya ba shi wannan? Ya yi karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba, mai sassaƙa ne, mai ƙira ne, hannunsa ya san katako da ƙarfe kafin ya san tafi. Daga baya ya koma makaranta da girmansa, ya koyar a Jami'ar Benin a sashen zane da sassaƙa, ya riƙe kwamishinan al'adu da yawon buɗe ido na jihar Edo daga 2001 zuwa 2003. Ina faɗin wannan ne da gangan, saboda na san abin da ake ce wa yaro a gidajenmu in an gan shi da jita. "Kai, ɗan gidan mutunci da roƙo? Wanga abu na mi ne?" Ba na raina tsoron iyaye, suna da dalilinsu, sun ga inda kiɗa ya kai wasu. Amma ga malamin jami'a da jita. A Yamai ma, shugaban ƙungiyar Tal National, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙali, da rana kotu, da dare jita. Wannan ratse ne, mu koma.

Yanzu a ce ka saye ta, ta iso Argungu lafiya. Me zai biyo baya?

Nauyi tukuna. Na taɓa rataya irinta, ta Epiphone, wato mai sauƙin kuɗin, a wani shagon kayan kiɗa a Legas lokacin ina bautar ƙasa. Jita ta yau da kullum kilo 3 zuwa 4 ce. Wannan tana kai 5 zuwa 6. A baki kamar ba komai, amma a kafaɗa ɗaya take, kuma ba a daidaice ba. Kan wuyan sama yana ɗauke da kunnuwan saiti 12, na ƙasa 6, duk ƙarfe, duk a can ƙarshe. Da ka saki hannu sai kan ya yi ƙasa. Wato hannun hagunka da ya kamata ya yi yawo a kan tsirkiya, rabin aikinsa tallafe jita ne. Sannan wuri ɗaya ne kawai hannu ke jin daɗi a jikin mutum. In ka daidaita maratayi don wuyan ƙasa, na sama ya zo maka ƙirji. In ka daidaita don na sama, na ƙasa ya tafi cinya. Minti 10 na yi, na ji kafaɗata kamar na yi dakon buhu daga tasha. Shi kansa Page ba da ita yake kwana a dandamali ba, waƙoƙi 'yan kaɗan yake yi da ita ya mayar, ya ɗauki Les Paul ɗinsa. Bahaushe da ya ji an ce mai wuya biyu zai yi dariya, don kalmar ta faɗi gaskiya ta kowace fuska.

Sai saiti. Tsirkiya 18 za ka daidaita kafin ka fara, kuma in ɗaya daga cikin tagwayen nan ta ɗan kauce, ba ɓoyuwa take ba, duk sautin ne zai yi tsami. Akwai siririyar nan ta layi na uku a wuyan sama, ita ce aka fi ɗaurewa tamau, ita ce ta fi saurin tsinkewa. Ta tsinke maka a Argungu ranar Alhamis, wasa ranar Asabar, ina za ka same ta? Mai 6 ma sai an yi cigiya, wani lokaci sai an aika Sakkwato ko Kano ko Abuja. Ta mai 12 kuwa sai ka yi oda ka jira.

Sannan wanda yake ɗaukar sautin. A ƙarƙashin tsirkiya akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, tsirkiyar ƙarfe tana girgiza a kansa, shi kuma ya mayar da girgizar lantarki ya aika amfilifaya. Wannan jitar huɗu gare ta, biyu kowane wuya. In ka bar wuyan da ba ka kaɗawa a kunne, tsirkiyoyinsa za su riƙa amsawa da kansu, suna gurnani a bayan kiɗanka. Gwanaye suna mayar da wannan ado. Ɗan koyo kuwa hayaniya zai ji, bai san daga ina take ba.

Amma babban abokin gabarta a nan yanayinmu ne, kuma wannan ba wanda zai gaya maka a bidiyon Turawa. Tsirkiya 6 tana jan wuyan jita da ƙarfin kilo 40 zuwa 50, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Kamar buhun shinkafa ɗaya ke nan rataye a wuyan. Mai 12 kusan ninki biyu. Haɗa su, ya doshi buhu uku a kan katako ɗaya. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda laimar iska take kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Mu kuwa a hunturu laima tana faɗowa ƙasa da 20, leɓe ma tsagewa yake balle katako. Watan Afrilu zafi ya haura 40. Agusta kuma, musamman ku na bakin fadama, laima ta cika ɗaki har tabarma tana wari. Jitar da ta zauna a Legas shekara da shekaru, ta sha iskar teku, ka kawo ta nan a watan Janairu, katakon zai tsuke. Ƙarafan da ke gicciye a wuya za su leƙo ta gefe suna yankar hannu. Wuya zai lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da katako ko ta kwanta tana zizar ƙarfe. A cikin kowane wuya akwai sandar ƙarfe da ake juyawa a miƙar da shi, amma aikin wanda ya sani ne, ka matsa da yawa ka karya, an gama. Kai kuma wuya biyu gare ka, kowanne da halinsa, ba lallai su lanƙwashe tare ba. Maganinsa dai a riƙa ajiye ta cikin akwatinta, nesa da taga da rana, a hunturu a saka ɗan soso mai laima cikin robar da aka huhhuda a ajiye a gefenta. Kuma akwatin nan nata na musamman ne. In mai sayarwa ya ce babu akwati, to ka san a mota za ta yi tafiyar da ta fi awa 12, tsakanin buhuna da jarkoki, kuma irin wannan ƙirar a bayan kai take karyewa.

Akwai wata magana da nake so kowa ya ji, mai wuya ɗaya da mai wuya biyu, har da masu riƙe makirfo a wurin biki da walima. Tsirkiyar jitar lantarki a haɗe take da amfilifaya ta waya. In amfilifaya ta samu matsala, kuma soket ɗin ba shi da wayar nan ta uku da ake binnewa a ƙasa, wuta tana iya hawa kan tsirkiya. Ka riƙe jita da hannu, leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne ka zama hanyar wutar. Ba tatsuniya ba ce. A 1972 Les Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea a gaban jama'a, makirfo ya taɓa. A 1976 Keith Relf, wanda suka yi ƙungiyar Yardbirds tare da shi Jimmy Page ɗin, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita. Wannan a Birtaniya ke nan. To ku dubi yadda muke jona kaya a filin biki: janareta, waya tsirara an tura a soket da tsinken ashana, ƙasa a jiƙe, mutum ba takalmi. Don Allah, in ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizo, kar ka ce haka take. Kashe, a kira mai wayarin. Wanda zai iya, ya nemi ƙaramar amfilifaya mai batir ko ya yi aiki da sola.

To ƙanena, ga amsarka. Kar ka saya. Ba yanzu ba.

Ba don ba ta da kyau ba. Wallahi tana da kyau, ni ma da na gan ta sai da zuciyata ta motsa, kuma ba laifi ba ne mutum ya so abu don kyansa. Amma ka tambayi kanka: wace waƙa ce taka, wadda ka tsara, da ba za ta kaɗu ba sai da wuya biyu? In akwai, turo min, in ji, in janye maganata a shiri na gaba. In babu, to za ka sayi maganin ciwon da ba ka da shi ne, da kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa na baɗi. Kuma in ka matsu ka ce za ka sayar, wa zai saya a nan? Abokan da ke zuga ka? A situdiyo ma ba ta da wani amfani, musamman situdiyonmu da kusan komai fiyano ne da kwamfuta. Taura biyu ba ta taunuwa, ga koyon da bai nuna ba, ga jitar da gwanaye ma ke haki da ita.

Maganar bikin kamun kifi kuwa, ka fi ni sanin filin nan. Tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Mutanen da ke taruwa a Matan Fada sun ga dubban masunta sun faɗa ruwa lokaci ɗaya da homa da gora, sun ga makaɗa cikin kwalekwale, sun ga dambe da kokawa, sun ga an fito da giwan ruwan da ya fi mutum nauyi. Ba a burge irin waɗannan da katako mai kai biyu. Za su kalle ta minti 2, yara su ɗauki hoto, daga nan kunne ne zai karɓi aiki.

Da ni ne kai, kashi ɗaya na kuɗin zan ɗauka in sayi mai 6 tagari, wadda wuyanta yake miƙe, da tsirkiya ta ajiya kamar saiti 5, da ƙaramar amfilifaya mai batir. In sautin mai 12 ne ke kiranka, akwai 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa tana kwaikwayonsa, DigiTech Mosaic na ɗaya daga ciki. Ba daidai take da ta gaske ba, kunnen gwani zai gane, amma a lasifikar biki ba mai bambancewa. Sauran kuɗin ka mayar fadama. Ka dubi Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya Amurka da Turai: jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, katako da wayar birkin keke. Marigayi Ɗanmaraya Jos, tsirkiya ɗaya tak a kuntigi, ya zaga duniya da ita.

Wanda zan ce ya saya shi ne wanda yake da ƙungiya tsayayya, suna samun wasa a kai a kai, makaɗin jita ɗaya gare su, kuma waƙoƙinsu na neman saiti biyu. Don wannan ma wani amfani ne da ya fi dacewa da mu: akwai masu wuya biyu da duka 6 da 6 ne, ka bar ɗaya a saitin da aka saba, ɗayan ka ɗaure shi yadda zai bi zubin kiɗanmu, kamar yadda makaɗan Mali da Nijar da yawa kan sauya saiti. Ko su ɗin, su haɗa kuɗi su saya ta zama ta ƙungiya. Kuma kar a tura ko sisi sai wani naku ya je ya riƙe ta da hannunsa, ya duba bayan kai ko an taɓa liƙa shi, ya duba inda wuyoyin suka shiga jiki, ya gwada kowane makunni. Jabu masu ɗauke da sunan Gibson sun cika kasuwa. In kuɗin ya yi araha fiye da hankali, to ba ita ba ce.

Abin da ni yake hana ni barci daban ne, kuma shi nake so mu yi magana a kai a ƙarƙashin wannan rubutu. Tunda Uwaifo ya yi tasa, me zai hana a yi tamu? Wuya ɗaya jita, wuya ɗaya molo ko garaya ko gurmi. Makaɗi ya buɗe da molo, yadda tsoho zai ɗaga kai, ya sauko kan jita, yadda yaro zai miƙe. Na san ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ga inda gizo ke saƙar. Wuyan molo sanda ce zagayayya, ba ƙarafa a gicciye, da zoben fata ake ɗaure tsirkiya a ja a saita. Muryarsa daga fatar da aka rufe kwamin take fitowa, ita kuwa jitar lantarki katako ne cur, ba rami. Kenan sai an fafe gefe ɗaya na gangar jikin an shimfiɗa fata. Tsirkiyar molo kuma yanzu galibi ta roba ce irin igiyar fatsa, maganaɗisu ba ya jin ta ko kaɗan. Sai dai a saka ɗan faifan nan mai jin girgiza, irin wanda ke ƙara a cikin agogon hannu, masu gyaran rediyo sun san shi, a manna a ƙarƙashin jakin tsirkiya. Shi kuma in aka ƙara murya kusa da lasifika, fatar za ta kama sautin ta mayar, sai kuka. Dole a nemi yadda za a danne wannan. Ga kuma fata da damina, ta saki, da hunturu ta ɗaure.

Kowace ɗaya cikin waɗannan matsala ce da ke da mai ita a garin nan. Muna da kafintoci. Muna da masu gyaran amfilifaya a kasuwa. Muna da ɗaliban lantarki da na kanikanci a kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero, waɗanda duk shekara suke neman abin da za su ƙera na kammala karatu. Wanda ya fi wuyar samu shi ne dattijon da ya iya sassaƙa molo da ɗaure fatarsa, don su ne ke ƙarewa, kuma ba su da shafi a Facebook.

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda ya san mai yin molo, garaya ko gurmi da hannunsa, a Argungu, Augie, Kamba, Bunza, Gwandu, ko can Gaya, ya aiko mana ta akwatin saƙo, kar a saka lambar mutum a fili. Mu za mu je mu same shi har gida, mu gaishe shi yadda ya kamata, in ya yarda mu ɗauki hira. Ɗalibin da ke ganin zai iya ɓangaren lantarkin shi ma ya yi magana. Katako da fata ni zan nema.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, muna tare da wani mai haɗa lasifika a wuraren biki, zai nuna mana yadda ake gane soket mai wayar ƙasa da marar ita, da abin da za a yi in wuta ta kama mutum. Ku turo tambayoyinku kafin ranar Laraba.